Aljanar da Na Saka a Rijiya

Ginar rijiya na gada. Ban yi karatu ba, ko na allo ban yi nisa ba. Dagi na sani, da igiya, da ƙasa.

Shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci garin nan, wani Bature ya ce a gina rijiya wajen Ƙofar Dundaye. Shi ya zaɓi wurin. Ya zo da takarda da wata doguwar sarƙa, ya auna gabas ya auna yamma, ya kafa tsinke. Aka tara mu mu huɗu, ni ke shiga rami.

Mun kai zurfin gaba tara, ran nan da safe na ɗaura igiya a ƙugu, na leƙa ciki, sai jikina ya ƙi. Ban ga tsagewa ba, ban ji wari ba. Kawai ƙafata ta ƙi bakin ramin. Na kwance igiyar na zauna.

Da hantsi Bature ya iso da tafintansa da dogari.

Tafinta ya ce, "Kai magini, mi ya hana ka shiga?"

Na ce, "Malam, jikina na ya ba ni. In na shiga yau, ba ni fitowa."

Ya juya wa Bature. Bature ya buɗe takarda ya yi ta nuni da yatsa.

"Ya ce ya auna, ƙasar nan mai ƙarfi ce. Ya ce jiki ba dalili ba ne. Ka kawo dalili, ko ka shiga, ko bulala goma sha biyu sannan ka shiga."

Na ce, "To shi takardar ke shiga ramin?"

Tafinta ya ce, "Wannan ba ni faɗa mishi, don uwata na son ganina."

Dogari ya fara warware bulala. Na dubi ramin. Gaskiya na faɗa, ba ta karɓu ba. Sai na ce, "Gaya mishi akwai aljana ciki."

Wallahi fuskar Bature sai ta washe. Ya mayar da takardar awo aljihu, ya zaro wani ƙaramin littafi da yake rubuta al'adunmu. Ya ce a tambaye ni, mace ce ko namiji? Na ce mace. Tsohuwa ko yarinya? Na ce tsohuwa, mai ido ɗaya. Me take so? Na ce kwana uku kada kowa shi shiga. Da yake ban karya ba, sai na ƙara da cewa a yi sadakar masa, magina su ci.

Duk ya rubuta. Ya ce shi bai yarda da aljanu ba, amma ba ya taɓa al'adar mutane. Ya sa aka kawo mana masar, faranti biyu.

Rana ta biyu da azahar, muna zaune a inuwa, sai muka ji rugum. Gefen ramin ya zube daga gaba bakwai, daidai kan inda nake durƙusawa.

Da muka kwashe ƙasar na damƙi rairayin, sai na tuna. Kwana biyu kafin zubewar, yashin da nake turowa a kwando ya fara laushi, ƙarar dagi kuma ta canza. Hannuna ya ji, kunnena ya ji, bakina ne bai samu labari ba. Da na iya faɗin haka, da ya zama dalili.

Muka ɗaure gefen da itace, muka kai ga ruwa. Ruwa garai, mai daɗi. Amma labari ya riga ya zaga unguwa. Ba wanda ya yarda ya jefa guga. Mata suka ci gaba da tafiya har gulbi, rijiya na ƙofar gidansu.

Na tara dattawan unguwa na ce musu ƙarya na yi, ba aljana, ni na ƙage ta don in tsira. Na ɗebo ruwan na sha a gabansu.

Wani tsoho ya girgiza kai. Ya ce, "Kai yaro, rufa mana baki. Ramin ya rufta ko bai rufta ba? Kuma abin da Bature ya rubuta da hannunshi kake cewa ƙarya?"

Matata ma ba ta sha ba. Shekara goma sha wani abu ta yi tana zuwa gulbi da tulu, kullum ta dawo sai ta harare ni.