Sauraron Ƙasa daga Bakura zuwa Tsibiri

Mun tashi da asuba daga Talata Mafara, ni da abokin aikina da direba, da akwatunan na'ura uku a bayan mota. Kwana huɗu ke nan da ƙasa ta girgiza a yankin, tukwane suka zube, magana ta bazu cewa madatsar Bakolori za ta fashe. An turo mu mu gano inda motsin ya taso, da zurfinsa, da ƙarfinsa.

Na'urar ganga ce mai juyawa, naɗe da takarda mai baƙin hayaƙi, allura tana zana duk motsin da ƙasa ta yi. Bayan babbar girgiza ƙanana kan biyo baya, su muka fito farauta.

A Bakura muka kafa ta farko. Nan take allura ta kama rawa, abokina har ya fara murna, ashe garken shanu ne ake korawa kasuwa. Wani mahauci ya yi mana dariya, ya kuma cika mu da balangu mai arha. Hanyar Damaga kuwa rabinta mu muka tura motar, amma furar garin ta biya wahala. Can muka kafa ta biyu.

A Tsibiri muka kafa ta uku, muka sauka gidan wani dattijo da ya riga ya ɗaure kayansa, alhali dawarsa saura kaɗan ta nuna. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, mi kunka gani? Mu tashi ko mu zamna?"

Na ce, "Baba, ba mu mako guda."

Kullum muna zagaya na'urorin. Kowace girgiza da bugu biyu take isowa, tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna nisanta. Da muka zana da'ira uku a taswira, kowace na nuna nisan girgizar daga na'ura ɗaya, sai suka haɗu can cikin daji, nesa da madatsar, a ƙarƙashin ƙasa sosai. Zanen allurar kuma kullum ƙara ƙanƙancewa yake.

Da mako ya cika na shimfiɗa wa dattijon takardun a jere, na ce, "Gobe ta Allah ce, amma dubi da idonka." Ya daɗe yana bin zanen da yatsa, sannan ya ɗaga murya ya ce a kwance kaya.

Mun dawo Mafara da la'asar, riguna duk baƙin hayaƙi. A tafiyar nan na gane cewa mai tsoro ba lallashi yake nema ba. A nuna masa abin da aka auna, zai yanke wa kansa shawara.