Ranar da Kwamfuta Ta Sa Begen Kakanninmu Faretin Soja

Shekarun baya, tun gashin kaina bai gama yin hijira ba, aka yi wa mahaifiyata aiki a maƙogwaro. Ta warke, alhamdu lillahi, amma muryar ba ta dawo ba. Matar da in ta ƙwala mini kira daga benenmu na unguwar Hindawiyya a Makka sai masu shago a unguwar Misfala su amsa, ta koma sai ka kai kunne bakinta kafin ka ji me take cewa.

To a gidanmu akwai wani bege da muka gada. Da shi kakanninta suka tako daga ƙasar Hausa, ta Chadi da Sudan, har suka iso Makka. Babu ganga, babu tafi, murya ce tsura tana hawa tana sauka. Al'adarmu, duk jaririn da aka haifa, ranar suna babbar macen gida za ta ɗauke shi ta rera masa. An yi mini, an yi wa 'ya'yana. Ga babbar 'yata da tsohon ciki, ga mai begen babu murya. Ƙanwata ta haddace baitocin, amma karin ba ya zama a bakinta. In ta fara da na Inna, kafin baiti na biyu ta sauka a finafinan Masar.

Rannan na shiga gaishe da Inna, ta jawo ni kusa ta ce, "Shi ke nan, a kan wannan yaron zai yanke."

Ni kuwa Allah ya hore mini baki. A maɗaba'a nake aiki, katin biki da allon shago ne sana'ata, amma na bugi ƙirji na ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Kwamfuta ce za ta riƙe miki shi, ko wasali ɗaya ba zai zube ba." Ta kalle ni irin kallon da take mini tun ina cewa zan zama matuƙin jirgin sama.

Gadarata wani abokina ne a Jidda, injiniya, Kirista ɗan Filato, Hausa a bakinsa kamar ya haɗiye Kano. Abin da yake yi in ya huta shi ne, ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin coci na ɗaruruwan shekaru, waɗanda aka rubuta da ɗigo masu kusurwa a kan layi huɗu, ya mayar da su rubutun kiɗa na zamani da wata manhaja, ya aika wa mawaƙan cocinsu a gida. Tunda shi ba ya shiga Makka, ni na naɗi raɗar Inna a waya na hau tasi na same shi.

Ya saurara ya sake saurara, ya ce, "Alhaji, wannan ai ɗan uwan namu ne. Murya ɗaya, ba kayan kiɗa." Ya fitar mini da sautukan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini yadda ake buga harafi manhajar ta zana ɗigo a kan layi biyar. Yana cikin cewa akwai sauran bayani, na ce, "Mutumina, halas, ya isa haka. Wanda ya tsara katin auren rabin unguwar Ka'akiyya ba ɗigo ne zai gagare shi ba."

Na dawo na zuba sautukan. Manhajar, da karambaninta, ta bi ta kakkafa sanduna a tsaye, ta raba komai gida-gida, bugu huɗu-huɗu. Na ga abin ya yi tsaf kamar sahun salla, na ce ai ma ta fi mu sani. Na tara gida kaf, na sa aka dafa gahawa, na danna.

Jama'a, abin da ya fito ko sojoji sa sara masa. Tam, tam, tam, tam! Begen da aka san shi yana tafiya kamar raƙumi a rairayi, sai ga shi da takalmin fareti. Mai cikin ta ce, "Ya Baba, mu miƙe ne? Kamar za a ɗaga tuta." Ƙanwata ta faɗi gefe tana riƙe ciki. Inna kuwa dariya ta ci ta babu sauti, kafaɗa kawai ke rawa, har sai da aka ba ta ruwa. Da ta farfaɗo ta ce, "Da a haka kakanninka suka taho, da a wata guda sun iso."

Na kira Jidda na kai ƙarar manhaja. Abokina ya yi dariya har na ji yana buga tebur. Ya ce, "Sauran bayanin da ka gudu ka bari ke nan. Irin wannan waƙar ba a yi mata shinge. Kalma ce ke jan sauti, numfashi ke tsayar da shi. Cire sandunan nan duka, ka cire wutsiyoyin ɗigon ma. Sai ka je ka tambayi Mama inda take numfasawa, ka sa ƙaramar alama a nan."

Na koma da waya na zauna gabanta. Akwai wani ɗan shiru da take yi bayan kowane dogon baiti, na ce, "Inna, nan ne numfashin, ko?"

Ta girgiza kai. "Nan ba numfashi ba ne. Nan ake miƙawa."

Ashe begen nan ba na mutum ɗaya ba ne. Mai tafiyar ƙasa ba ya iya jan doguwar waƙa shi kaɗai, don haka ɗaya ke jan dogon baiti, ɗaya ya karɓa da gajere, na farkon ya huta. Lokacin da Inna take yarinya yayarta ke ja, ita tana karɓa. Da yayar ta rasu ta haɗa duka biyun ta ɗauka, mu kuma muka taso muna zaton haka yake. Da na gaya wa abokina har ihu ya yi, wai su ma haka mawaƙansu ke yi, ɓangare ya yi, ɓangare ya amsa.

Na sake tsarawa, dogo da baƙar tawada, gajere da ja. Na buga a takarda mai ƙyalli, da zanen zinare a gefe, don hali zanen dutse ne. Sai da na raba sannan na tuna duk zuriyarmu babu mai karanta rubutun kiɗa, har da ni. Ƙanwata ta juya takardar sama da ƙasa ta ce, "Yaya, waɗannan talibambam ɗin ta ina suke farawa?" Amma dabara ta zo. Kwamfuta na fitar da sauti, ita tana bin ɗigon da yatsa, in ya hau ta hau, in ya sauka ta sauka. Duk sanda ta nufi Masar, Inna ta ɗan buge ta da carbi.

Muna ta neman wadda za ta ɗauki jan rubutun. Wata la'asar ƙanwata ta kai ƙarshen dogon baiti ta tsaya, sai muka ji an karɓa, can ƙasa-ƙasa. Inna ce. Gajeren bai fi ƙarfin abin da ya rage mata na murya ba.

Ranar suna ina wajen maza ina rabon shinkafa da nama. Da na ji ɗakin mata ya yi tsit, na ce zan ɗauko cokula, na laɓe a matattakala da tire a hannu. Ƙanwata ta ja, Inna ta karɓa da tattaɓa-kunnenta a cinya. Mata cike da ɗaki, amma ko awarwaro bai motsa ba, don kada raɗar ta ɓace. Wani maƙwabcinmu ya same ni ina share ido, na ce masa yajin ne ya yi yawa.

Har yau in na tuna sai na ji daɗi. Na tafi neman hanyar da zan adana muryar tsohuwa a na'ura, ashe abin da take bukata a ɗauke mata rabin kayan ne. Yanzu ƙanwata ke ja, 'yata ke karɓa da Hausarta mai ƙamshin Larabci. Ni ma na nemi a ba ni baiti ɗaya, gidan gaba ɗaya suka haɗa baki suka ce in ci gaba da rabon shinkafa.