Gaisuwar da ta cinye mana sabon keke

Shekarun baya, lokacin Lafiya tana ƙarƙashin Jihar Filato, wasu matasan ma'aikata a garinmu suka shirya tseren keke na ƙarshen mako. Zango biyu ne. Ran Asabar a je Shabu a dawo, ran Lahadi a miƙe har Keana, sannan a haɗa lokacin kowa. Wanda ya zo na ɗaya sabon keke zai samu, dal a leda.

Ni dai neman suna ne ya kai ni. Ina malamin firamare, na sayi gajeren wando da farin kambas, ina jin kaina kamar wani gwani. Abokina kuwa keken yake so da gaske. Balage ne, wato ɗan ƙabilar Alago, gishiri yake sarowa daga Keana ya kawo kasuwar Lafiya a kan wani tsohon keke da ya gada, wanda mai walda ya gaji da ganinsa. Ya sha faɗa mini cewa ranar da keken nan ya karye, sana'arsa ta tsaya ke nan.

Ran Asabar ya ba kowa mamaki. Mutumin da ya saba taka keke da buhu biyu a kariyar baya, yau an sauke masa kaya, ai sai ya zama iska. Shi ya fara dawowa, da tazara mai kyau. Ni kuwa da na iso har an fara kwashe benci.

Ran Lahadi ko rabin hanya ban kai ba cinyoyina suka ɗaure. Aka loda ni da kekena a bayan a-kori-kurar da ke bin na gaba, ina zaune kamar akuyar da za a kai kasuwa. Abin kunya ne, amma shi ya sa na ga komai da idona.

Mun kusa Keana, abokina yana gaba, wasu biyu suna binsa a nesa. Ina dukan jikin mota ina masa kirari. Can sai ga wani dattijo a bakin hanya, ya saɓo fartanya. Kawai na ga abokina ya ja birki, ya sauka, ya kwantar da keke a ƙasa, ya cire hula ya durƙusa. Direbanmu ma tsayawa ya yi, ya zaci sarƙa ce ta tsinke. Ashe surukinsa ne.

Wallahi kamar in yi kuka. Na yi ta ihu ina cewa ya hau, gaisuwa ba za ta gudu ba. Ko waiwayowa bai yi ba. Suna ta magana da yarensu, dattijon yana tambaya, shi yana amsawa a natse, kai a sunkuye. Na farko ya wuce fiu, na biyu ma ya wuce. Sai a lokacin dattijon ya kalli lambar da aka liƙa wa abokina a riga, ya kalle mu, ya tambaye ni da Hausa me ake yi. Na ce tsere ne, Baba, kuma shi ne a gaba. Tsohon nan ya jefar da fartanya, ya ɗaga keken da kansa, abokina na hawa ya kama kariya yana turawa da gudu, yana faɗa masa maganganun da na tabbata ba yabo ba ne.

Abokina ya kamo ɗaya kafin shiga gari, ɗayan ya tsere masa. Da aka haɗa lokacin kwana biyun, kaɗan ya rage. Na biyu ya zo, aka ba shi fitilar ƙwai da bokiti.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. Na ce ai ɗaga hannu ma ya isa, kowa ya san sauka a gaida suruki wajibi ne, amma ba a tsakiyar tsere ba. Sai ya ce da irin Hausarsa:

"Malam, matana cikinshi ya tsufa, Baba ya sani. In ya gan ni ina gudu haka ban tsaya ba, zai ce yarinya ya mutu. Da wannan tunani zai taka har gida."



Na ga masu ladabi da yawa a rayuwata, amma mafi yawanmu muna yinsa ne idan ba zai ci mana komai ba. Shi yana ganin sabon keken a gabansa, ya san halin da nasa yake ciki, ya ja birki don kada hankalin tsoho ya tashi na awa ɗaya. Har yau in na tuna sai in ji ya ƙara girma a idona. Sati biyu bayan tseren matarsa ta sauka lafiya, kuma a kan tsohon keken ya je ya kai wa surukin nasa labari.