Addu'ar Bature Mai Inji

Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Bature mai injin niƙa, shekara talatin da wani abu, don haka duk wanda zai ba ku labarinsa a garin nan a bakina ya ji, ko ya yarda ko ya ƙi. Ni ce Kubura. Garin namu yana tsakanin Zango da Baure, kuma tun da aka kawo ni aure gidan Kirista ɗaya ne tal a cikinsa, shi ne nasu. Ubansa ya zo daga kudancin Katsina aikin hanya, aikin ya ƙare, shi bai koma ba. Sunan Bature kuwa don ranar Talata aka haife shi ne, in ba haka ba mutum ne baƙi wuluk, dogo, kullum da gari a girarsa.

Injin nan ya cinye masa kunne tun yana saurayi. Kun san kurma, in zai yi magana sai ya ɗaga murya, to haka yake addu'a ma. Da gari ya waye sai ka ji shi tsakar gida: "Ya Ubangiji, ga bawanka Bature kuma!" Kajina su watse. Duk abin da ke damunsa a ranar, ni da ke wanke-wanke a gindin danga sai na riga matarsa Kyauta sani.

A nan na fara lura da wani abu. Ya roƙi ɗa namiji, Kyauta ta jero masa 'ya'ya mata shida, Rifkatu ce babba. Akuyarsa ta kumbura, ya dafa ta yana roƙa mata sauƙi, kafin ya ce amin ta miƙe ƙafa. Jakinsa kuwa da bai taɓa ambata a addu'a ba sai da ya tsufa har ya makance. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, jita-jita ta cika gari wai za a kori Kiristoci, danginsu suka aiko wai su tattara su dawo gida. Ya ɗauko hayar wata akori-kura, ya loda kaya da yara, ya tsaya a ƙofar gida ya roƙi Ubangiji ya kai su lafiya. Motar ta yi tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa rijiya ba, ta yi tari biyu ta mutu. Mai unguwa Amadu ne ya sa aka kwaso kayan a amalanke, yana faɗa, yana cewa wa ya kore ka, kuma wa zai niƙa mana hatsi? Bature ya sauke tukwane, ya durƙusa ya yi godiya da irin muryar da ya yi roƙon.

Ni da bakina da ba ya riƙe magana, na je rijiya na ce, jama'a, kun lura duk abin da bawan Allah nan ya roƙa kishiyarsa ke faruwa? Aka yi dariya aka watse. Da na san inda maganar za ta kai mu, wallahi da na haɗiye abata.

Damina ta zagayo, aka yi shuka, gero ya kai idon sawu, sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku. Aka fita roƙon ruwa sau uku, aka yi sadakar gumba. Bature ma kullum safe ihu yake a ba da ruwa, sama fes. Ana cikin haka gara ta cinye jinkar ɗakinsu, ya sauke ta zai gyara, ga buhunan garin mutane jibge a ciki. Da safe na ji shi: "Ya Ubangiji, ka san muna son ruwa, amma ka ɗan dakata mini kwana biyu in rufe ɗakin nan." Kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan da aka sheƙa ranar, garin mutane sai da ya zama kunu a tsakar ɗaki. Liman Maharazu ya ce Allah ne ya amsa roƙon bayinsa da suka fita fili, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ina! Kowa ya riga ya tuna maganata ta rijiya.

Da shekara ta dawo ruwa ya sake jinkiri, sai ga dattawa uku a inji. Suka sa ya kashe, suka matsa kusa da kunnensa, suka ce don Allah ya taimaka ya roƙa kada a yi ruwa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ni ma fa na yi shuka. Ruwa nake so. Yaya zan durƙusa in gaya wa Ubangiji abin da ba shi ne a zuciyata ba? Ai yana gani." Ya ja igiyar injinsa ya ci gaba da niƙa.

To, mutanen garin nan ba su da wayon komai sai na abin da bai kamata ba. Aka zauna aka yi shawara: tun da ba zai yi ƙarya ba, sai a sa ya so abin da gaske. Washegari samari goma sha biyu suka yi sallama, wai gayya suka kawo ta gyaran jinka. Kafin ya ce jinkarsa lafiya lau take, sun ɗage ta ɗungurungum sun ajiye a gefe, sannan kowa ya tuna yana da wani uzuri. Da safe gari ya yi tsit, har masu daka suka dakata, ana jiran a ji. Shi kuwa bawan Allah, ga gado ga tufafi a fili, me zai ce? Ya roƙi a ɗan dakata da ruwa. Bayan kwana uku aka yi ruwa. Kwana uku fa! Ai ko ba a taɓa jinkar kowa ba da an yi. Amma aka zo da kiɗa aka mayar masa da rufi, har da sabon shuci.

Maganar ta kai kunnen 'yan kwamitin shari'a, suka zo a kan babura wai an ce Musulmi na kai wa Kirista addu'a. Suka bincika suka tarar babu mai kai masa komai, rufin ɗaki kawai ake ɗauke masa. Babbansu ya riƙe haɓa ya ce shi bai taɓa jin irin wannan ba, camfi ne, kuma zalunci ne ga maƙwabci, a daina. Liman ya maimaita a huɗuba. Aka ce to. Tun daga nan sai ya zama duk shekarar da ruwa ya yi nawa, wani zai wuce ya ɗaga kai ya ce, anya Bature jinkar nan ba ta yoyo? Shi kuma ya gane sarai. Dariya yake yi ya ce su ɗauka, ai yana samun sabon rufi. Kyauta ce ke bin su da muciya.

Kyauta dai, ban da uwar da ta haife ni ba wanda ya yi mini abin da ta yi mini. Ita ta karɓi haihuwata biyar. Da azumi ita ke dama mini kunun tsamiya in jiri ya kwashe ni, da Kirsimeti kuma sai ta sa a kira mijina ya yanka kajin don mu iya ci. Shi ya sa nake kiran ta Yaya.

Shekara takwas da fara shari'a ciwo ya kama ta a ciki. Aka kai ta asibiti Daura, aka tura su Katsina, aka dawo da ita da ledar magani, likita ya ce a je gida a ci gaba da addu'a. Da na ji kalmar nan sai gabana ya faɗi. Na san wanda zai yi addu'ar.

Na same shi a inji, na ja shi gefe, na ce, "Baban Rifkatu, don girman Allah, gobe in ka durƙusa ka roƙa mata mutuwa."

Ya sa hannu a kunne. Na maimaita da ƙarfi, har mata masu jiran niƙa suka ce ƙwarai kuwa, a taimaka. Ya dube ni ya ce, "Kubura, matata ce fa."

"Ai shi ya sa! Kalma uku ce, ka faɗa ka tashi. Kashe ta kake so ka yi?"

"Ba zan iya ba," in ji shi. "Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ba a kan Kyauta zan fara ba."

Na zage shi tas, na ce taurin kansa ya fi na jakinsa da ya mutu. Amma na lura kwana biyu bai ambaci sunanta a addu'a ba, sai ya kewaye, ya roƙa wa yara, ya roƙa wa inji. Shi ma tsoron ya shige shi, duk da bai faɗa ba.

Sai muka koma dabarar jinka. In an sa ya ƙi ta da gaske, ai zai roƙi rabuwa da ita da gaske. Na je na ce masa Kyauta ce ta sayar da tunkiyarsa da ta ɓace bara. Ya ce Allah ya sa ta ci riba. Wata ta ce masa tun tana budurwa wani direba take so. Ya ce ai direban ya yi asara. Da muka rasa yadda za mu yi, na shiga ɗaki na gaya wa Kyauta komai. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa, koko ma cokali biyu take sha. Ta ce, "Autata ba ta gama firamare ba. Ba na son tafiya yanzu. Kira mini shi."

Ya shigo ya zauna bakin gado. Wallahi ban san inda ta samo muryar ba. Ta tashi zaune ta ce masa kurman banza, mai warin gas, shekara talatin da huɗu tana haƙuri da shi. Ta ce ba ta taɓa sonsa ba ko na yini ɗaya. Ta zagi tafiyarsa, ta zagi yadda yake tauna, ta taɓo har uwarsa da ke kabari. Tana yi hawaye na zuba, ni ina bakin ƙofa ina gyaɗa mata kai ta ƙara. Da ta gaji ta koma ta kwanta, ya ja zane ya rufe mata ƙafa ya fita.

Da safe rabin matan unguwa suna gidana, mun jeru a gindin danga. Muka ji ya durƙusa. "Ya Ubangiji, ga bawanka Bature kuma." Har na fara sa rai. Sai ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba: "Ka warkar mini da Kyauta! Ina son matata, ka bar mini ita! In kuma ka ga wani abin da ban gani ba, to ga ta nan, taka ce. Cikin sunan Yesu."

Muka fashe da kuka gaba ɗaya, wata har da faɗuwa. Kyauta na ciki da ranta, mu muna waje muna makoki.

Ta kwana tara ta cika, ranar Alhamis da hantsi. Maƙwabta suka haƙa kabari a gefen gonarsa, fasto ya zo daga Daura, mai unguwa da liman suka zauna karɓar gaisuwa tare da shi kwana uku. Kafin ta rasu ta riƙe hannuna ta ce in gaya masa duk ƙarya ce, ita kunya ta hana ta. Ban gaya masa ba. Haushinsa nake ji, a raina shi ya kashe mini Yaya. Wata biyu ban gaishe shi ba, niƙa ma sai in aika Zango. Kuma kullum safe ina jin sa yana godiya, godiyar me, oho.

Saƙon mamaci dai nauyi gare shi. Wata rana na kasa daurewa, na je inji bayan mutane sun watse, na tsaya kusa da kunnensa na ce, "Baban Rifkatu, zagin nan da Yaya ta yi maka, ni na sa ta. Ta ce in gaya maka ƙarya ne."

Ya karkaɗe garin hannunsa ya ce, "Na sani tun tana yi."

"Ka sani, shi ne ka ƙi taimakonta?"

"Kubura, likita ya gaya mini tun a Katsina. Da na yi yadda kuka ce, da tafiyar za ta yi duk da haka, ni kuma in zauna har in mutu da sanin cewa na roƙa wa Kyauta mutuwa da bakina." Ya share ido da gefen riga, gari ya shafe masa fuska. "Matar da ba ta iya ɗaga cokali, ta tashi zaune ta zage ni don kada ta bar ni. Wa aka taɓa so haka a garin nan? Shi nake gode wa Ubangiji kullum, in kina ji."

Na tsuguna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da damina ta zo ruwa ya yi jinkiri, samari suka taho gayyarsu. Suka tarar da ni a ƙofar gidan da muciyar Yaya a hannu. Na ce duk wanda ya taɓa jinkar nan sai na fasa masa kai, kuma sun san ni. Suka juya. Bayan mako ɗaya aka yi ruwa, gero ya yi kyau.

Washegarin ranar da na kore su, ina wanke-wanke, na ji shi ta danga: "Ya Ubangiji, ka dubi Kubura, ka ba ta lafiya da tsawon rai!" Kwano ya suɓuce mini. Na buɗe baki zan ce ya janye, sai na ji na ce amin. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, kullum safe sai ya ambace ni, ni kuma kullum sai na amsa.