Nathaniel da Taraktocin Iware

Duk wanda ya san Nathaniel a Jalingo ya san sukudirebarsa. Doguwa ce, mariƙinta na katako ya yi baƙi saboda riƙo, kullum tana aljihun bayan wandonsa, har matarsa Rebeka ta gaji da ɗinke aljihun. Aikinsa yi wa injuna ƙima. In za a sayar da inji, ko a raba gado, ko gwamnati za ta yi gwanjon kayanta, shi ake kira ya faɗi abin da ƙarfen ya kai, ya sa hannu, ya buga hatimi.

Ɗan Zing ne. Da kanikanci ya fara, daga baya ya je ya yi karatun aikin, ya yi wa gwamnati shekara goma sha tara a Yola. Da aka ƙirƙiro jihar Taraba a 1991 aka ce kowa ya koma gida, sai ya loda kujerunsa da matarsa da 'yarsu Godiya a bayan a-kori-kura, suka kama ɗaki biyu a Nukkai. Duk ma'aikatarsu shi kaɗai ke da takardar wannan aiki.

Ba ya yi wa inji kuɗi sai ya ji kukansa. Za a tayar, ya ɗora tsinin sukudireba a jikin injin, ya kara kunne a mariƙin, ya rufe ido kamar mai addu'a. In ya gama, ya shimfiɗa farar takarda a kan ɗan allon ƙarfen da ke ɗauke da lambar injin, ya goga fensir har lambar ta fito. Ya ce biro yana iya kuskure, ƙarfe ba ya yi. An taɓa kai shi Lau wurin wasu 'yan'uwa biyu da suka ci gadon injin casar shinkafa, babban ya sa an shafe shi da koren fenti don ya yi tsada. Nathaniel ya saurara, ya ɗago ya ce, "Fenti kam ya yi kyau, a gaishe da mai shafawa. Amma tsohon nan tari yake yi a ciki." Har shi babban sai da ya yi dariya.

Amininsa Hambali ne, mai walda a bakin titin Nukkai. Da yamma sukan zauna a benci, Nathaniel ya kawo gasasshiyar doya, Hambali ya kawo kindirmo, kowa na kushe abincin ɗan'uwansa yana ci.

Farkon 1992 daraktan ofishinsu ya kira shi.

"Zauna mana, Oga Nathaniel. Taraktocin nan goma sha ɗaya da muka samu a rabon kaya da Yola, suna Iware. Je ka duba, ka rubuta kwandem, wato sun mutu, a yi gwanjonsu a huta."

"Ranka ya daɗe, in na je na ji su, zan rubuta abin da na ji."

"To ai shi ke nan. Je ka ji kwandem."

Ya je. Tara suka tashi a murɗa ɗaya, biyu batir kawai suke nema. Ya goga lambobinsu, ya rubuta cewa duka goma sha ɗayan lafiyayyu ne, za su yi shekara goma suna huɗa. Kowa a ofishin ya san waɗanda ke jiran su saye su a kuɗin tsohon ƙarfe. Shi ma ya sani.

Darakta bai yi faɗa ba. Ya karanta, ya ɗauki jan biro ya yi rubutu a fayil ɗin Nathaniel, ya ce, "Rahotonka bai cika ba. Koma ka sake dubawa. Ka zauna can har ka gama." Abin da jan biron ya ce shi ne, ba ƙarin girma, ba canjin wuri, ba ritaya, sai sabon rahoto ya zo. In kuma ya ajiye aikin, fanshonsa na shekara ashirin ya tafi.

Haka Nathaniel ɗinmu ya koma Iware. Wurin taraktocin fili ne da aka kewaye da waya, da rumfar kwano, da benci ɗaya, da mangwaro. Kullum da safe ya hau babur daga Nukkai, ya isa, ya buɗe kwaɗo, ya zauna. Ba wanda ke kawo masa takarda, ba wanda ke tambayarsa komai. Da fari bai karaya ba. Ya kifa gwangwanin madara a bakin kowace salansa don kada ruwa ya shiga. Duk Litinin yakan sayi gas da kuɗin aljihunsa, ya ɗauki batir ɗaya ya bi su ɗai-ɗai yana tayarwa, yana kara kunne. Ya ce in aka ga suna nan da rai, wata rana za a ji kunya a ba manoma.

Manoman kuwa suna wucewa da garma a kafaɗa, su jingina da waya su ce, "Oga, a ba mu guda ɗaya mana, damina ta zo." Ya ce su yi haƙuri, ya rubuta wa ofis. Ya rubuta ɗin kuwa, sau shida. Ba amsa.

A gida Rebeka takan tare shi tun bai kafe babur ba. "Baban Godiya, tarakta ɗin nan na babanka ne? Waɗanda ka koya musu aiki sun wuce ka. Wannan sukudireba naka shi ne zai kashe mu." Sai ya ce, "Maman Godiya, na ji su da kunnena. Ta yaya zan ce sun mutu?" Ta zuba masa tuwo, ta koma gefe. Ba ta taɓa cewa ƙarya yake yi ba.

Hambali ma ya gwada. "Kai ɗan doya, ka rubuta musu rabi-rabi mana. Biyar kwandem, shida lafiya."

"Wanne zan kashe, Hambali? Zaɓa mini."

Hambali ya koma kan waldarsa.

A 1994 wahalar mai ta zo, gas ya fi ƙarfin albashinsa. Daga kowace Litinin ya koma wata-wata, daga nan batirin ya mutu. Wata Litinin ya iske an yanka waya an kwance famfon gas na guda uku. Tayoyi suka tsattsage, suka zauna a ƙasa. Rina ta yi gida a ƙarƙashin kujeru, ciyawa ta huda ta tsakanin giya. Yakan nome ta da hannunsa, ta sake fitowa. An canza darakta, ya ɗauki murna ya je wurin sabon. Sabon ya buɗe fayil, ya ga jan biro, ya rufe.

"Kawo rahoton da aka ce ka kawo."

"Ranka ya daɗe, na kawo tun casa'in da biyu."

"Wancan an ce bai cika ba."

A nan ne ya gane inda aka sa shi. Ba sai an matsa masa ba. Rana da ruwa suna yi wa masu jiran gwanjon aikinsu, shi kuma yana zaune a benci yana gadi. Ya rame, ya rage magana, doyar ma ya daina kushe kindirmo a kanta.

Tarakta ta bakwai ce ta fi daɗewa da rai. Ƙarshen daminar 1997 Hambali ya aro batir, ya rufe shago, suka tafi tare. Suka zuba gas galan ɗaya. Nathaniel ya ɗora sukudireba, ya kara kunne, ya ce, "Murɗa." Ta yi tari ɗaya, ta yi shiru. "Sake." Ba komai. Ya daɗe a sunkuye, idonsa a rufe, har Hambali ya dafa kafaɗarsa.

"Na ji," in ji shi. "Yanzu kam na ji."

A kan bencin nan ya rubuta rahoton, layi uku. Kwandem, duka goma sha ɗaya. Ya sa hannu, ya buga hatimi, kuma ba kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Cikin mako biyu aka saki fayil ɗinsa, aka amince da ritayarsa.

Masu sayen tsohon ƙarfe ne suka ɗauke su, suka nemi mai walda ya daddatse. Hambali ya ce shi ba zai yi ba. Nathaniel ya zo har shago ya ce, "Je ka yi. Gara hannunka da na wani. Amma ka ciro mini allon lambar ta bakwai, kada wuta ta taɓa shi." Hambali ya je, yana yanka yana share ido, abokan aiki suna zaton hayaƙi ne.

Nathaniel bai ci fanshon wata biyar ba. Hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu a watan Afrilu na 1998, ana shirin huɗa. Da Rebeka ta buɗe akwatinsa ta iske takardu goma sha ɗaya masu gogen fensir, a jere, da ɗan allon ƙarfen a naɗe cikin hankici. Ta ajiye su don Godiya. Sukudirebar kuma ta kai wa Hambali da kanta, ta ce, "Riƙe, ni ba zan iya ganinsa ba."

Tana nan rataye a shagon, sama da benci. Ba a kwance komai da ita. Allah ya ba shi hutawa.