Ƙayar Kifi a Wuyan Baba

Shekarar da rumfunan abinci suka yawaita a bakin titin Kura, na ɗauri aniyar ɗanɗana su ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina kuwa ba ya cin abincin waje, ya ce tuwon gida ya ishe shi. Wata rana da azahar mun taso daga gonar tumatir a kan babur, na yi ta lallashinsa har ya yarda muka shiga rumfar wata dattijuwa mai tuwo da soyayyen kifi.

A loma ta uku ya tsaya cak. Ya dafe wuya, idanunsa suka yi jawur, hawaye na zuba.

"Baba, lafiya?"

Ya kasa magana, sai nuna maƙogwaro yake yi. Ƙaya ce ta maƙale. Ni na kawo shi nan, me zan je in faɗa wa mahaifiyata?

Dattijuwar ta ture ni gefe. "Matsa, ɗan nan." Ta dunƙula tuwon shinkafa, ta tsoma a miyar kuɓewa. "Malam, haɗiye, kada ka tauna."

Ya haɗiye na farko, ƙaya na nan. Na biyu ya wuce da ƙyar, sai ya ja dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi."

Da za mu tafi na kasa tuƙa babur saboda firgicin da na sha. Shi ya karɓa ya goya ni har ƙofar gida.