Gangariyar Ilu

Duk wanda ya san Ilu Bakanike a Magariya ya san ba ya karyawa sai ya goge motarsa da hannun riga. Ja ce, kujera biyu, ba rufi. Kwamandan da ya yi wa tuƙi ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya ce, "Lafiya lau. Gangariya ce fa, ko ƙusa ɗaya ba a sauya ba."

Ni Hajo taubashiyarsa ce, ɗiyar gwaggonsa, don haka ni kaɗai ke zagin motar nan in kwana lafiya. Akwala nake ce mata. Ranar da na ce ya kai ni biki Dungas, sai ya ce yashi zai ci mata taya. Jaki ya aro ya ɗora ni, shi ya biyo ni a ƙasa, yana ba ni labarin gudunta har muka isa.

Sai aka shiga shekarun farin nan. Shanu suka mutu, rumbuna suka bushe, maigidana ya tafi cin rani bai dawo ba, ya bar ni da yara biyar. Ilu kuwa ya kewaye motarsa da zana, wai rana na cinye mata fenti. Haushi ya ishe ni, na ce mutane na cin ganye shi yana kiwon ƙarfe. Allah ya taimake ni, duk ranar kasuwa ana aiko mini gero tiya huɗu, wai sadakar wani alhaji ce a Mallawa. Har gori na yi wa Ilu da alhajin nan. Ya yi dariya ya ce Allah ya ƙara wa alhaji.

Da aka samu damina, wani Bature malamin lakwal, wato makarantar boko, mai son tsofaffin motoci, ya zo daga Damagaram ganin motar. Gari ya taru. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ashe langa-langa ce aka shafa wa fenti. Fitilu gindin kwalba. Ya buɗe wurin inji, kaza ta tashi daga kan ƙwai. Ya ce wa tafinta wannan kwaikwayo ce, jabu. Aka kwashe da dariya, ni har da guɗa. Ilu ya goge inda Baturen ya taɓa, ya ce, "Bai san mota ba."

Ilu bai ga wata daminar ba. A zaman makoki wani dillali daga tsallaken iyaka ya nemi ganina. Ya ce shi Ilu ke kai wa kayan motar ɗaya bayan ɗaya, yau fitila, gobe ƙofa, ƙarshe inji, yana karɓar gero. Babu wani alhaji a Mallawa. Na ce don me ya ɓoye mini? Ya ce ya tambaye shi, ya amsa masa, "In Hajo ta sani bakinta zai mutu. To wa zai riƙa zagina?"

Wallahi guɗar nan tana cina har yau. Na je na ɗage zanar, na goge langa-langar da bakin zanena, ina kuka. Yarana biyar suna raye, motar asali su suka cinye ta.

Na janye, Ilu. Gangariya ce. Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya ciyar da kai kamar yadda ka ciyar da mu ba tare da gori ba.